Mudu a Fili, Amana a Rufe



Kakanninmu fatake ba su san kwamfuta ba, amma sun bar mana wata ƙa'ida wadda masana kwamfuta ke muhawara a kanta har yau. Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato, ya bi ta Nikki da Jugu, ya ratsa ƙasar Kotokoli ya nufi Salaga neman goro, yakan yada zango a Didawure, unguwar 'yan kasuwa Musulmi wadda daga baya ta zama zuciyar Sokode. Haka abin yake har zamanin da sarautar Kotokoli ke Kparatao a hannun Uro Jobo Bukari. Wani ayarin kuma ta Mango yake bi. A kowane zango abu biyu ne ke riƙe da ciniki. Na ɗaya mudu: kowa na da ikon ɗaukarsa ya juya, ya duba gindinsa ko an buga shi ciki, kuma a gaban jama'a ake ƙirga ƙwaryar goro har ta cika ɗari. Na biyu amana: abin da baƙo ya ajiye wurin maigidansa, da bashin da ake binsa, da cutar da ta kwantar da shi a hanya, ba sa wuce zaure. Wanda ya ɓoye mudunsa, kasuwa ta san abin da take kiransa. Maigidan da ya tona asirin baƙonsa kuwa, ayari ba ya ƙara sauka gidansa.

Mun tuno da wannan ne domin yau mudu da amana duk sun koma cikin waya da kwamfuta, mu kuma mun soma rikita su. Manhajar da asibiti ke rubuta majiyyata a ciki, da wadda ke lissafa kuɗin da ɗan kasuwa ya tura daga Dapaong zuwa Lome, da wadda ke tantance wanda ya cancanci tallafi, dukansu mudu ne, da su ake auna mu. Sunanmu, da zanen yatsunmu, da sakamakon gwajin jininmu, da bashin da ke wuyanmu, su ne amanar. Ra'ayinmu shi ne a bar mudun a fili kowa ya duba, a kulle amanar. Abin takaici, sau da yawa akasin haka muke gani: manhaja a rufe ba mai sanin yadda take aiki, asirin mutane kuwa na yawo cikin wayoyi kamar hoton biki.

Kowace manhaja rubutu ce, jerin umarnin da mutum ya tsara wa na'ura. Wasu kamfanoni na sayar da ita su ɓoye rubutun, mai saye ya yi amfani da ita bisa yarda kawai, in ta lalace ya jira mai ita. Wasu kuma na wallafa rubutun baki ɗaya, tare da izinin kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wani. Wannan ita ce buɗaɗɗiyar manhaja. Buɗe rubutun bai shafi bayanan da aka zuba a ciki ba, kamar yadda sanin yadda ake ƙera kwaɗo ba ya ba mutum mabuɗin ɗakin maƙwabcinsa.

Kada mu ɗauka zancen na Turai ne. Rahoton wata-wata da ɗakunan shan magani na ƙauyuka ke aikawa, na yawan masu zazzaɓin cizon sauro da haihuwa da allurar rigakafi, yana taruwa ne cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar gina ta. Ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 na aiki da ita, har da Togo da Gana da Benin da Burkina Faso da Nijar da Najeriya. Ƙungiyar ƙwararrun da ke tallafa wa ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka a kanta, wato HISP ta wannan yanki, a Lome take da mazauni. Haka nan rajistar shaida ta zamani da hukumar ANID ke yi, wadda dokar 2020 ta kafa, inda ake ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu da ƙwayar ido a ba mutum lamba tasa shi kaɗai, an ɗora ta ne a kan MOSIP, buɗaɗɗiyar manhajar da aka gina a wata cibiyar ilimi ta birnin Bangalor a Indiya, wadda Maroko da Filifin da Habasha ma suka ɗauka. Ashe tun tuni ake auna mu da buɗaɗɗen mudu, yawancinmu ba mu sani ba.

Mun san abin da wani dattijo zai ce: wane mai hankali ne zai nuna wa ɓarawo yadda aka ƙera ƙofarsa? Tambayar na da nauyi, kuma an daɗe da amsa ta. Tun a 1883 wani malami ɗan asalin Holan da ke koyarwa a Faransa, Auguste Kerckhoffs, ya kafa ƙa'idar cewa tsarin ɓoye saƙo nagari shi ne wanda ko ya faɗa hannun abokin gaba ba zai amfane shi ba muddin mabuɗin na hannun mai shi. Dalili kuwa, sirrin ƙira ba ya daɗewa. Ɓarawo na da lokaci da haƙuri, zai kwance kwaɗon ya gano lagonsa ko an nuna masa ko ba a nuna ba. Wanda ɓoyon ke hana gani shi ne mutumin kirki, wanda da ya ga tsagar sai ya faɗa a toshe.

Shekarar 2017 ta ba da shaida. A watan Mayu wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa a cikin Windows, wadda rufaffiya ce, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, masu ita na neman kuɗin fansa. A Ingila asibitoci suka koma takarda da biro, aka soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran kafar tun watan Maris, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba. A watan Yunin 2024 irin wannan hari ya faɗa wa hukumar ɗakunan gwaje-gwaje ta Afirka ta Kudu, likitoci suka yi makonni suna fama kafin su samu sakamakon gwajin jini yadda suka saba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, buɗewa ita kaɗai ba laya ba ce. A 2014 an gano wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed cikin OpenSSL, buɗaɗɗiyar manhajar da shafukan intanet masu ɗimbin yawa ke dogaro da ita wajen ɓoye saƙo. Kusan shekara biyu ɓarakar na nan a fili ba wanda ya lura, saboda mutane ƙalilan ne ke kula da aikin, kuma ba kuɗin kirki a hannunsu. A watan Maris na 2024 kuma aka bankaɗo abin da ya fi wannan ban tsoro. Wani da ba a san ko wane ne ba ya shafe kusan shekara biyu yana taimakon mai kula da wata ƙaramar manhaja mai suna xz, har aka yarda da shi aka ba shi ikon gyara, sannan ya dasa ƙofar ɓoye a ciki. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya ga na'urarsa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi cikin rubutun har ya tono makircin kafin ya bazu. Mu mutanen zango mun san wannan labari tun kafin intanet: baƙon da ya fi kowa ladabi, aka ba shi ajiyar mabuɗi. Darasin fuska biyu gare shi. An kama shi ne domin rubutun a buɗe yake. Ya kusa tsira kuma domin masu dubawa sun yi kaɗan. Mudun da aka ajiye a fili amma ba mai ɗagawa ya duba gindinsa, bai fi na cikin buhu ba.

To, ita amanar fa? Wasu cikinmu, saboda tsoro, sun zaɓi su ɓoye komai: a ba asibiti sunan da ba shi ne na takarda ba, a rage shekaru, a ƙi faɗin maganin gargajiyar da aka sha kafin zuwa. Wannan cutar kai ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matar da aka ɗauko daga Kparatao cikin dare zuwa babban asibitin Sokode tana naƙuda, rayuwarta na iya rataya a kan ko ungozomar da ta karɓe ta ta san rukunin jininta da hawan jinin da aka gani a awon ciki. Arewacin ƙasar nan na cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla lokacin rani, kuma ba mu manta da annobar 2016 ba. A wuri irin Sinkase, inda mutanen Togo da Burkina Faso da Gana ke cin kasuwa ɗaya, in hukumomin lafiya ba su yi musayar labari da wuri ba, cuta za ta riga takarda ƙetare iyaka. Inshorar lafiya ta kowa da kowa da ta soma aiki a Janairun 2024 ita ma ba ta tafiya sai asibiti da kantin magani da hukumar inshora sun ga bayanin juna. Raba bayani dole ne. Abin tambaya shi ne wane bayani, ga wa, don me, kuma har zuwa yaushe.

A nan ne matsayinmu na tsiraru ya sa lamarin ya fi yi mana nauyi. An saba cewa in an cire suna daga takarda, asiri ya rufu. A babban birni wataƙila haka ne. Amma a ƙauyen da gidajen Hausawa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, in aka rubuta mace, mai shekara kaza, Bahaushiya, mai sayar da fura, tana ɗauke da cuta kaza, to an faɗi sunanta an gama. Abin da zai biyo baya mun san shi: aure ya mutu, masu saye su gudu, 'ya'yanta su rasa manema. Lissafin jimla, kamar a ce mutum kaza ne suka kamu a gundumar Tchaoudjo ko ta Tone, wannan na jama'a ne, a buga shi kowa ya gani. Bayanin mutum ɗaya kuwa na likitansa ne, kuma bai kamata a tambayi ƙabilarsa ba in maganin bai bukaci haka ba.

Shirin Novissi ya nuna mana alheri da haɗarin abin a lokaci guda. A watan Afrilun 2020, da korona ta tsayar da sana'o'i, gwamnati ta riƙa tura tallafi ta T-Money da Flooz, sefa 12,250 a wata ga mata, 10,500 ga maza. Cikin 'yan kwanaki kuɗi suka isa hannun mutane ba tare da layi ko ɗan tsakiya ba, kuma wannan abin yabo ne. Amma da katin zaɓe ake shiga. Wanda ba shi da katin, ko a nan aka binne cibiyarsa, ƙofar ba ta buɗe masa ba. A zagaye na biyu, tare da ƙungiyar GiveDirectly da masu bincike na Jami'ar Kaliforniya, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka zaɓi yankunan karkara 100 mafi talauci, sannan na'ura ta duba yadda mutum ke amfani da wayarsa, yawan kira da tsawonsa da shige da ficen kuɗi, ta ƙiyasta ko matalauci ne. Binciken da suka wallafa a mujallar Nature a 2022 ya nuna hanyar ta rage tsallake mabukata da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari in aka gwada da zaɓe ta yanki kawai, amma ba ta daina kuskure ba. Mun iya faɗin wannan ne saboda sun ajiye mudunsu a fili, har da lanƙwasarsa. Sai mu tambayi kanmu: ranar da wani kamfanin bashi ko na inshora zai auna mu da irin wannan mudu a ɓoye, wa za mu kai wa ƙara?

Tsoron rajista da ke zukatan dattawanmu ba daga sama ya faɗo ba. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutanen zango da yawa suka kwashe kaya, wasu ta ƙasar nan suka bi. A 1983 Najeriya ma ta kori nata baƙin. Wanda ya ga haka da idonsa, ba a yi masa dariya in ya ga na'urar ɗaukar yatsu ya ja da baya. Amma in muka duba da kyau, wanda ba ya cikin kowane littafi shi aka fara kora, kuma shi ne Novissi ta tsallake. Lambar shaidar nan ta duk mazaunin ƙasa ce, ɗan ƙasa da baƙo. Maslaharmu ita ce mu shiga littafin, mu kuma san wanda ke riƙe da shi da dokar da ta ɗaure hannunsa.

Dokar kuwa akwai ta. Ranar 29 ga Oktoban 2019 Togo ta kafa dokar kare bayanan mutum, wadda ta tanadi hukumar sa ido mai suna IPDCP. Dokar ta sa bayanin lafiya da addini da ƙabila cikin waɗanda ke bukatar kariya ta musamman, ta kuma ba kowa haƙƙin a sanar da shi dalilin karɓar bayaninsa, ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya nemi a gyara kuskure. Tun 2018 akwai dokar tsaron intanet da ta haifar da hukumar ANCy. Matsalarmu ita ce duk wannan da Faransanci yake. Tsohuwar da aka miƙa wa takarda aka ce ta dangwala yatsa, ba tare da an fassara mata ko layi ɗaya ba, ba a nemi yardarta ba, an dai karɓi tawadarta.

Kafin mu nuna hukuma da yatsa, mu dubi namu hannun, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wane ne cikinmu bai taɓa ganin hoton takardar gwajin wani na yawo a zauren WhatsApp na dangi ba, da suna da komai, wai ana neman addu'a ko taimako? Niyyar kirki ce, amma hoton ba ya dawowa, magana zarar bunu ce. Mun sayi ƙosai an naɗe mana a takardar da ke ɗauke da sunayen mutane. Mun ga ofisoshin da ma'aikata biyar ke shiga kwamfuta da kalmar sirri ɗaya, an rubuta ta an manna a jikin allo. A kasuwa kuma, mukan miƙa wa yaron shagon tura kuɗi waya mu faɗa masa lambar sirri da ƙarfi a gaban layi. Mukan kai waya gyara da littafin bashin abokan ciniki da hotunan iyali a ciki. Mukan sa jabun WhatsApp da ake tura wa juna saboda ƙarin ado, alhali ba mu san wanda ya ƙera shi ba. Kwamfutocin shagunanmu da yawa na tafiya da satacciyar manhaja wadda ba ta karɓar gyara. Mu lura, satacciya daban, buɗaɗɗiya daban: ta farko rufaffiya ce da wani ya fasa, Allah kaɗai ya san abin da ya zuba a ciki.

Abin da muke nema wurin masu iko bai fi ƙarfinsu ba. Duk manhajar da aka saya da kuɗin jama'a don auna jama'a, a bari masana masu zaman kansu su duba ta. Kowane ma'aikacin lafiya ya samu mabuɗinsa shi kaɗai, na'ura ta riƙa rubuta wanda ya buɗe bayanin majiyyaci da lokacin da ya buɗe. A ware kuɗin sabuntawa da horar da ma'aikata, domin buɗaɗɗiyar manhaja kyauta ake samunta amma ba kyauta ake riƙonta ba. In an yi kutse a faɗa wa waɗanda abin ya shafa. A kuma yi wa mutum bayani da harshen da yake ji kafin a ɗauki yatsansa.

Sauran aikin namu ne. Faransanci ne harshen hukuma, Ewe da Kabiye ne aka ɗaga a matsayin harsunan ƙasa, kuma ba kamfanin da zai kashe kuɗinsa don fassara manhaja saboda zangon Sokode ko na Dapaong. Buɗaɗɗiyar manhaja ce kaɗai ba ta bukatar mu roƙi kowa, ɗanmu da ya iya Hausa da Faransanci na iya zama ya fassara ta, ya haɗa hannu da 'yan'uwa na Maradi da Kano da Kumasi masu irin wannan aiki. Yaranmu da ke karatu a jami'o'in Kara da Lome su shiga cikin masu duba rubutun, kada su tsaya a masu danna allo. Sarakunan zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata su sa maganar cikin wa'azi da taron suna: lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake. Takardar asibitin wani ba a tura ta sai da izininsa, in za a nemi taimako a rufe sunan. Mai rakiyar tsoho asibiti ya fassara masa abin da zai sa wa hannu, ya kuma riƙe bakinsa bayan sun dawo gida.

Kakanninmu sun zauna lafiya cikin Kotokoli da Moba da Gurma, ba da yawa ko ƙarfi ba, sai don an san mudunsu cikakke ne kuma ajiya ba ta ɓata a hannunsu. Gobe in aka miƙo mana na'ura aka ce mu sa yatsa, mu sa, amma mu tambaya cikin ladabi: wa zai gani, ina za a ajiye, kuma in an yi kuskure ƙofar wa za mu buga? In kuma asirin wani ne ya faɗo cikin wayarmu, mu tuna ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.